Da Mudun Wa Ake Auna Hayaƙin Masana'anta?

A farkon shekarun 2000 wata tawagar masana daga Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Timothy Gutowski na jami'ar MIT, ta zagaya masana'antun Japan da Turai da na gida domin ganin yadda kowa ke tattalin makamashi da muhalli. Cikin abin da suka dawo da shi akwai wani lissafi daga kamfanin Toyota wanda har yau masu bincike ke kafa hujja da shi. A layin da ake sassaƙa ƙarafan mota, ko da ana aiki gadan-gadan, kashi 14.8 cikin ɗari ne kacal na wutar da ake sha ke tafiya wurin yankan ƙarfen kansa. Sauran kashi 85.2 famfunan ruwan sanyaya ne ke lanƙwamewa, da famfunan mai, da na'urorin zuƙe tururi da tace ruwa. Su kuwa waɗannan ba ruwansu da ko ana yanka ko ba a yi. Muddin an kunna layin, mita na gudu.

Wannan ɗan lissafi ya tona asirin wata tsohuwar al'ada. Masu ƙididdigar illar masana'antu ga muhalli sun saba cewa sassaƙa kilo ɗaya na ƙarfe yana cin wuta kaza, sai su ninka da yawan kilon da aka sassaƙa, shi ke nan an gama. To amma idan mafi yawan wutar a zaman jiran aiki take tafiya, masana'antu biyu masu inji iri ɗaya, masu ƙera kaya iri ɗaya, za su iya bambanta nesa ba kusa ba, don kawai ɗaya tana cika injinta da aiki, ɗayar kuma tana barin nata yana gurnani alhali ma'aikata sun tafi cin abincin rana. Lissafin "kilo ɗaya, wuta kaza" makaho ne ga wannan bambanci.

Yau, bayan shekara ashirin da 'yan kai, kasuwa ta cika maƙil da manhajojin da ke alƙawarin auna ɗorewar masana'anta. Manhajojin sun ƙware, ba a musu. Abin da aka bari a baya shi ne abin da ake ɗura musu, da siffar da ake ɗura shi, da kuma wanda ke da ikon cewa ga inda lissafi zai fara, ga inda zai tsaya. Tunda kuma waɗannan alƙaluma sun fara zama sharaɗin shiga manyan kasuwanni, duk masana'antar da ba ta auna kanta ba za a auna ta da mudun wani, kuma mai mudu ba ya yanka shi yadda zai cuci kansa.

Sana'ar auna illar kaya ga muhalli ta faro ne daga kwalbar lemo. A 1969 kamfanin Coca-Cola ya ɗauki cibiyar bincike ta Midwest Research Institute da ke birnin Kansas ta kwatanta masa mazuban lemo iri-iri, ta bi kowanne tun daga ramin da aka haƙo albarkatunsa har zuwa jujin da za a jefar da shi, ta lissafa makamashi da sharar da ke tattare da shi. Ba a taɓa wallafa rahoton gaba ɗayansa ba, amma dabarar ta samu gindin zama. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta tsara mata ƙa'ida mai lamba 14040 a 1997, ta sabunta ta a 2006 tare da 'yar'uwarta mai lamba 14044. Kafin nan manhajojin sun riga sun fito: SimaPro daga Holan a 1990, GaBi daga Stuttgart ta Jamus, wadda ta koma hannun kamfanin Sphera na Amurka a 2019, daga baya kuma openLCA, wadda kamfanin GreenDelta na Balin ke bayarwa kyauta. Kusan dukkansu suna iya sha daga rijiya ɗaya, wato rumbun bayanan ecoinvent na Suwizalan, wanda ya fara fita a 2003, yanzu kuma yana ɗauke da kundin ayyuka sama da dubu 20, daga narkar da ƙarfe zuwa noman auduga.

A zo a tsaya bayan injiniyar da aka ba aikin lissafa nauyin hayaƙin wani ɗan maƙalin birki na alminiyom mai nauyin rabin kilo. Ta buɗe manhajarta, ta rubuta nauyin, sai jerin zaɓi ya sauko: sabon alminiyom na Turai, na Sin, na Kanada, ko na "sauran duniya". Ba ta san inda mai kawo musu kaya ya sayo nasa ba, domin shi ma wurin dillali ya saya. Ta danna ɗaya. Wannan dannawa guda ta fi duk abin da zai biyo baya tasiri. Tace tan ɗaya na sabon alminiyom yana cin wuta kimanin kilowat-awa dubu 14. Inda wutar ta madatsar ruwa ce, kamar Norwe da Aisilan da lardin Kubek na Kanada, hayaƙin kabon da ke bin kowane tan yana wajen tan 4. Inda ta kwal ce yana doshin tan 20. Matsakaicin duniya yana wajen tan 15. Wanda aka sake narkawa daga tsoffin gwangwanaye kuwa kimanin kashi 5 cikin ɗari na makamashin sabo yake buƙata. Baƙin ƙarfe ma haka abin yake: bisa alƙaluman ƙungiyar masu ƙarfe ta duniya, tanderun gargajiya mai cin kwal yana fitar da kimanin tan 2.3 na hayaƙi a kowane tan na ƙarfe, tanderun lantarki mai narka tsoffin ƙarafa kuma kimanin tan 0.7.

Daga nan sai ta zo kan abin da ya faru a cikin masana'antar tasu: zubi, sassaƙa, wanki, fenti. Nan ma rumbun zai miƙo mata matsakaici, wanda galibi a wata masana'antar Turai aka auna shi shekarun baya. Ta karɓa, domin ba ta da nata. Ƙarshe manhaja ta fitar da ginshiƙai masu launi da wata lamba mai ɗigo da lambobi uku a bayansa. Tsaftar lambar ce ke ruɗar manaja, ya ɗauka awo ne, alhali mafi yawanta aro ce.

Ko manhajojin su da kansu ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A 2015 wasu masu bincike biyu a Denmak, Ivan Herrmann da Andreas Moltesen, suka zaɓo ayyuka 100 ba tare da son rai ba, suka ba SimaPro da GaBi tambaya iri ɗaya. A wurare da yawa amsa ta zo daidai. A wasu kuma ta bambanta sosai har ta isa ta sauya hukuncin da mai nazari zai yanke, kuma sun danganta hakan da kurakuran da ke cikin rumbunan da manhajojin ke ɗauke da su. Idan zaɓin manhaja kaɗai zai iya juya hukunci, ina ga zaɓin kundi?

A nan ne aikin da ba ya jan hankalin 'yan jarida ya shigo. Cibiyar awo da ƙa'idoji ta gwamnatin Amurka, NIST, da ke Gaithersburg a jihar Maryland, ta ɗauki matsalar daga tushe tare da ƙungiyar ƙa'idoji ta ASTM. A 2015 suka fitar da jagora mai lamba E2986 kan yadda za a tantance illar matakan ƙira ga muhalli, a 2016 kuma suka biyo da E3012, wadda ita ce zuciyar maganar. Abin da ta ce mai sauƙin faɗa ne: a daina kallon masana'anta a dunƙule, a tsinka ta mataki-mataki, a siffanta kowane mataki a tsari ɗaya wanda mutum zai karanta, kwamfuta ma ta karanta.

A ɗauki injin buga bokitin roba. Tsarin yana son a rubuta abin da ya shiga, wato ƙwayoyin roba da wuta da ruwan sanyaya. A rubuta abin da ya fita: bokitin, da ɓarɓashin roba, da waɗanda suka fito a karkace aka jefar, da zafi, da hayaƙi. A rubuta kayan aikin, injin da mazubinsa. A rubuta bayanan aikin, kamar zafin da roba ke narkewa, da kaurin jikin bokitin, da daƙiƙun da kowane bugu ke ɗauka. Sannan a tsakiya a sa ƙa'idojin lissafin da ke haɗa wannan da wancan. Amfanin wannan tsakiyar ba ƙarami ba ne. Masu sana'ar sun san cewa mafi yawan lokacin bugu a jiran robar ta huce yake tafiya, kuma lokacin hucewa yana tashi ne da ninkin kaurin a kan kansa: a rage kauri da rabi, jira ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Idan wannan dangantaka tana cikin siffar da aka rubuta, mai zane zai iya tambayar kwamfuta tun kafin a sassaƙa mazubi: in na rage kaurin nan kaɗan, wuta nawa zan ceto a kowane bokiti, kuma bokiti nawa za su fashe? Matsakaicin da ke cikin rumbu ba ya amsa irin wannan tambaya, domin shi hoton abin da ya riga ya faru ne a gidan wani. Kuma da yake kowane mataki yana da ƙofar shiga da ta fita iri ɗaya, ana iya jona su: abin da ya fito daga zubi ya shiga sassaƙa, na sassaƙa ya shiga fenti, har a ga layin gaba ɗaya.

Turawa ma ba su zauna ba. Jami'ar Leuven ta Beljiyom ta jagoranci wani haɗin gwiwa mai suna CO2PE! domin auna injuna ɗaya bayan ɗaya, a tsaye da kuma a bakin aiki, ISO kuma ta fitar da ƙa'ida mai lamba 14955 kan auna makamashin injunan ƙira.

Wannan ita ce hanyar da ta dace, amma gaskiya ba ta samu jama'a yadda ta cancanta ba. NIST ta yi shafin intanet na gina irin waɗannan siffofi, ta kuma fara gasa a 2017 domin jawo masu bincike su kawo nasu. Jami'o'i sun amsa. Masana'antu kuwa, waɗanda su ne ke da injunan, sun ja jiki. Dalili biyu ne, kuma na biyun ya fi na farko ƙarfi.

Na farko shi ne rashin jin yaren juna. Bayanan da ake nema suna nan a cikin masana'anta, sai dai a warwatse: siffar kaya tana manhajar zane, yawan kayan da aka saya yana manhajar akanta, lokacin aiki yana ƙwaƙwalwar inji, wuta kuma tana takardar bil guda ɗaya ta ginin gaba ɗaya. Kowanne da sunan da yake kiran abu da ma'aunin da yake amfani da shi. Tsohon ciwo ne. Wani nazari da aka yi wa NIST a 1999 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar manhajoji yana jawo wa masu ƙera motoci na Amurka da masu kawo musu kaya asarar kimanin dala biliyan ɗaya a shekara. An yi magunguna, irin su ƙa'idar STEP ta 1994 domin musayar zanen kaya, da MTConnect ta 2008 wadda ke sa injunan kamfanoni daban-daban su riƙa ba da rahoton halin da suke ciki a harshe ɗaya. Sabbin injuna suna jin wannan harshe. Amma inji mai kyau yana shekara talatin yana aiki, kuma ba mai jefar da shi don ba ya magana da kwamfuta.

Na biyu tsoro ne, kuma tsoro mai hujja. Ƙaramin kamfanin da ke ƙera wa babban kamfanin mota kusoshi ya san cewa ranar da ya bayyana yawan wuta da ƙarfe da daƙiƙun da kowane ƙusa ke ci, ya miƙa wa mai sayen kayansa lissafin ribarsa ke nan. Zaman ciniki na gaba, da wannan takarda za a matse shi. Duk wanda ya taɓa saye da sayarwa ya san ba a nuna wa mai taya farashin sari.

Jamusawa sun nemi mafita da Catena-X, wata hanyar musayar bayanai da manyan masu ƙera motoci da masu kawo musu kaya suka kafa a 2021, ciki har da BMW da Mercedes-Benz da Volkswagen da Bosch da SAP da BASF. Dabararsu ita ce kowa ya riƙe bayanansa a gidansa, ya lissafa nauyin hayaƙin kayansa bisa littafin ƙa'ida ɗaya, ya miƙa wa na gaba da shi amsar kawai. Shi ma ya ɗora nasa ya miƙa gaba. Manyan suna iyawa: tun 2020 BASF ya sanar cewa zai lissafa wa kayayyakinsa kimanin dubu 45 nauyin hayaƙinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai amsar da aka miƙa ba tare da an ga yadda aka yi lissafin ba, amana ce zalla, kuma masana'antu ba su da tarihin da zai sa a rufe ido. A 2015 aka gano Volkswagen ya sa wa motoci kimanin miliyan 11 manhajar da ke rage hayaƙi lokacin gwaji kaɗai. A 2017 kamfanin Kobe Steel na Japan ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna sauya alƙaluman ingancin alminiyom da tagulla. Idan an yi wa alƙaluman ƙarfin ƙarfe kwaskwarima, wanda kowa zai iya gwadawa a ɗakin bincike, me zai hana a yi wa na hayaƙin da ya riga ya bi iska? Saboda haka tsarin bayanai mai kyau dole ya ɗauki lambar tare da asalinta: wa ya auna, yaushe, da wace mita, kashi nawa awo ne, kashi nawa aro, kuma wa ya duba ya sa hannu.

Masu tufafi sun riga sun ɗanɗana kuɗar aro. Manyan kamfanonin sutura sun daɗe suna dogara da wani ma'auni mai suna Higg wajen ba auduga da leda da ulu da fata maki. A watan Yunin 2022 hukumar kare masu saye ta Norwe ta ce kamfanin Norrøna ya ruɗi jama'a da ya yi amfani da alƙaluman wannan ma'auni wajen tallan rigunansa, domin matsakaicin duniya ne, ba labarin audugar da ke jikin rigar ba. Ta kuma ja kunnen kamfanin H&M. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar da ke da ma'aunin ta dakatar da nuna makin ga masu saye. Tun kafin nan, a 2020, ƙungiyoyin masu jima na duniya sun nemi a dakatar da makin da aka ba fata, suna cewa alƙaluman tsofaffi ne, daga shanun 'yan ƙasashe kaɗan aka ɗauko su, kuma ba a lissafa daɗewar da kayan fata ke yi a hannun mai shi ba. Ko da an ce kowa gyaɗarsa yake yabo, ƙorafin nasu yana da tushe. Takalmin da ya yi shekara goma da wanda ya yi damina ɗaya ba za a auna su da kilo a ce an yi adalci ba.

Da a ce maganar ta tsaya a talla, da sauƙi. Yanzu ta shiga kwastan. Tun 1 ga Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara tilasta wa masu shigo da siminti da ƙarfe da alminiyom da takin zamani da haidurojin da lantarki su riƙa ba da rahoton hayaƙin da aka fitar wajen yin kayan, a ƙarƙashin tsarin da ake kira CBAM. Daga 1 ga Janairun 2026 rahoto ya koma bashi: kayan da suka shiga daga ranar za a biya kuɗin hayaƙinsu. Dokar ta ba da zaɓi biyu. Ko masana'anta ta kawo alƙalumanta na gaskiya waɗanda mai bincike da aka amince da shi ya tantance, ko a ɗora mata ƙiyasin da Turai ta tsara wa ƙasarta, tare da ƙarin kaso a kai da gangan domin kada rashin awo ya zama riba. Inda kuma babu amintattun bayanai game da ƙasar, daga sahun mafiya hayaƙi ake ɗauko ƙiyasin. Indiya da Sin da Afirka ta Kudu sun yi ta kukan cewa shingen kasuwanci ne aka yi wa rawanin muhalli, amma kukan bai tsayar da kalanda ba.

Akwai wani ɗan sashe na dokar da ya nuna yadda iyakar lissafi take siyasa tsantsa. A siminti da taki, ana haɗawa da hayaƙin tashar da ta ba masana'anta wuta. A ƙarfe da alminiyom kuwa, hayaƙin da ya fito daga masana'antar kanta kawai ake caja a yanzu. Ga alminiyom, wanda mafi yawan hayaƙinsa a tashar wuta yake, wannan layi guda ya kusa shafe bambancin mai amfani da madatsar ruwa da mai ƙona kwal. Ba injiniya ne ya ja layin ba. An ja shi ne a teburin sasanci, saboda yadda ƙasashen Turai ke tallafa wa masana'antunsu kan tsadar wuta. Manhaja za ta bi duk iyakar da aka shata mata, ta kuma fitar da amsa da fuska a sake.

Bayan wannan ga fasfon kaya na tafe. Daga 18 ga Fabrairun 2027 kowane batirin motar lantarki da za a sayar a Turai sai ya ɗauki tambarin da za a haska da waya a ga bayanansa. Wata doka da ta fara aiki a Yulin 2024 ta buɗe ƙofar faɗaɗa hakan, kuma jerin farko da aka fitar a 2025 ya ƙunshi tufafi da kayan ɗaki da tayoyi da katifu da ƙarfe da alminiyom. Fasfo kuwa ba komai ba ne illa tsarin bayanai da doka ta tsaya masa: gurabe ƙayyadaddu waɗanda sai an cike su kaya zai wuce.

To ina masana'antar da ke Challawa ko Sharaɗa ko Bompai na Kano a wannan lissafi? Galibi tana cikin wancan kundi na "sauran duniya". An yi ƙoƙarin shigar da bayanan Barazil da Indiya da Afirka ta Kudu cikin ecoinvent da tallafin gwamnatin Suwizalan, amma matakan ƙira na mafi yawan ƙasashen Afirka da aro ake cike su. Aron kuwa yana iya cuta ta kowace fuska. Wutar layin Najeriya mafi yawanta daga iskar gas take, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Amma masana'antar da ke kwana a kan janareta wani lissafin ne nata: litar man dizal ɗaya tana fitar da kimanin kilo 2.7 na hayaƙin kabon, tana ba da wuta kilowat-awa 3 da ɗan ɗori, wato wajen giram 800 a kowane kilowat-awa, wanda bai yi nisa da na kwal ba. Matsakaici zai rufa wa mai janareta asiri. Maƙwabcinsa da ya zuba jari a faifan sola ko ya koma iskar gas kuma, matsakaicin zai cinye masa ladan ƙoƙarinsa. Mai tsafta ne ke biyan kuɗin rashin awo.

Takin da ake yi a Lekki da Eleme yana cikin jerin CBAM duk ranar da ya nufi tashar ruwan Turai. Fata ba ta cikin jerin, amma fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, ciki har da na jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da duniya ta daɗe da sani, Italiya da Sifen suke tafiya, hannun kamfanonin da su kansu ake tambayarsu asalin kayansu. Tun 2005 akwai ƙungiyar Leather Working Group da ke bin kamfanonin jima tana duba ruwa da wuta da sinadarai da inda fata ta fito, kuma manyan masu saye suna neman takardarta.

Jima ma ita ce ke nuna iyakar lissafin da ya ta'allaƙa a kan hayaƙi kaɗai. Wani sanannen nazari na hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNIDO, ya bi tan ɗaya na fatar shanu mai gishiri mataki-mataki, ya nuna cewa a jima ta al'ada kimanin kilo 250 na gamammiyar fata ke fitowa, bayan an sha ruwa wajen lita dubu 40 da sinadarai sama da kilo 400. Sauran duk shara ce da ruwan ƙazanta, ciki har da sinadarin kuromiyom da ake jeme mafi yawan fatun duniya da shi. Mutanen da ke noma da kamun kifi a gefen kogin Challawa ba hayaƙin kabon ne ya dame su ba. Manhajar da ta dunƙule ruwa da guba da hayaƙi da lafiyar ma'aikaci ta mai da su maki ɗaya, ta yanke hukuncin da ba nata ba, domin lita dubu a Kano da lita dubu a Norwe ba darajarsu ɗaya ba. Ita kanta ƙa'idar ISO 14044 ta hana amfani da irin wannan dunƙulallen maki wajen kwatanta kaya biyu a bainar jama'a, ko da yake masu talla sukan yi kamar ba su gani ba. Siffar mataki-mataki ta fi gaskiya a nan, domin tana nuna a wace ganga kuromiyom ya shiga, nawa fata ta sha, nawa ya bi magudana, kuma wanda ya ga wannan lamba ya ga kuɗinsa ne ke bin ruwa.

Abin da ya rage aiki ne na mita da littafi, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Manhajar openLCA kyauta ce. Ƙananan mitoci da ake ɗaura wa inji ɗaya-ɗaya suna kasuwa. Akwai cibiyar binciken fata ta NILEST a Samaru, akwai sassan injiniya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello cike da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kai. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ita ce ta fi dacewa ta riƙe amanar alƙaluman mambobinta, ta fitar da matsakaicin yanki ba tare da bayyana sirrin kowa ba, hukumar ƙa'idoji ta ƙasa, SON, kuma ta ɗauki tsari ɗaya daga waɗanda aka riga aka rubuta ta ce da shi za a yi aiki, maimakon kowane mai ba da tallafi ya zo da fom ɗinsa. A fara da jima da roba da taki, a auna shekara guda cur domin a kama rani da damina da watannin da wutar layi ke ɗaukewa, sannan a tura sakamakon cikin rumbunan da masu saye ke dubawa. Masu masana'antu su daina jiran sai mai saye ya aiko da takardar tambaya, domin alƙaluman shekarar da ta wuce ba a ƙirƙirarsu a mako biyu. A watan Fabrairun 2027 Turai za ta fara sayar da takardun biyan kuɗin hayaƙin kayan da suka shiga ƙasashenta a 2026.